Gwajin ALN-VSP: yadda aka yi yunƙurin rufe bakin ƙwayoyin gado a cikin ciwon daji

A shekarar 2009 kamfanin Alnylam, da ke birnin Cambridge a jihar Massachusetts ta Amurka, ya fara ɗura wa masu ciwon daji wani sabon magani mai suna ALN-VSP. Waɗanda aka ɗiba duk ciwon ya riga ya yi nisa a jikinsu, ya kama hanta, kuma magungunan da aka saba bayarwa sun daina yi musu aiki. Mutum 41 ne suka karɓi maganin a asibitocin Amurka da Sifaniya, ta jijiya, sau ɗaya duk mako 2. An fara da miligiram 0.1 a kan kowane kilo na nauyin jiki, aka riƙa ɗagawa a hankali har 1.5. Rahoton ya fito a mujallar Cancer Discovery a 2013, kuma sunan Josep Tabernero na asibitin Vall d'Hebron da ke Basalona ne ya zo a farko.

Maganin bai taɓa shiga kasuwa ba. Duk da haka, wanda yake son fahimtar dalilin da ya sa har yau ƙwanson maiƙo mai ɗauke da RNA, wato ɗan ƙanƙanin kwanson kitse da ake naɗe saƙon gado a ciki, ke aiki a kan cutar da tushenta ke hanta amma bai shawo kan ciwon daji ba, a wannan gwaji zai ga amsar tun daga tushe.

Abin da ke cikin ruwan

Kowace ƙwayar halitta a jiki tana aiki da furotin, kuma umarnin ƙera kowane furotin yana rubuce a ƙwayar gado, cikin DNA. Ba a fitar da DNA daga ma'ajiyarsa. Kwafinsa ake yi, wato mRNA, shi ne ke fita zuwa inda ake ƙira. A 1998 Andrew Fire da Craig Mello suka nuna, a jikin wata 'yar tsutsa da ake kira C. elegans, cewa RNA mai igiya biyu yana sa ƙwayar halitta ta lalata duk wani mRNA da rubutunsa ya yi daidai da nasa. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 2006. A 2001 ɗakin binciken Thomas Tuschl a Jamus ya nuna cewa gajeren guntu, mai harufa 21, yana yin wannan aiki a ƙwayoyin halittar ɗan Adam ma. Shi ake kira siRNA.

Ga yadda yake yi. Idan guntun ya shiga ruwan cikin ƙwayar halitta, wani gungun furotin mai suna RISC zai karɓe shi, ya jefar da igiya ɗaya, ya riƙe ɗayar a matsayin jagora. Duk mRNA da ya dace da jagorar, furotin Argonaute 2 da ke tsakiyar gungun zai datse shi, kuma a wuri ɗaya tak yake datsewa: tsakanin harafi na 10 da na 11 na jagorar. Bayan ya datse wannan sai ya nemi wani. Ƙwayar gadon tana nan lafiya, ba a taɓa ta ba, amma abin da take faɗa ba ya isa ko'ina.

Ga likitan ciwon daji wannan abin kwaɗayi ne ƙwarai. Akwai furotin da aka daɗe da sanin su ne ke iza ciwon, irin su MYC da KRAS, amma surarsu ba ta da ramin da ƙwayar magani za ta maƙale. Sai a 2021 aka sami maganin farko da hukuma ta amince da shi a kan KRAS, shi ma a kan nau'i ɗaya kawai na lalacewarsa. Shi kuwa siRNA babu ruwansa da surar furotin. Rubutun ƙwayar gado kawai yake bukata.

ALN-VSP yana ɗauke da siRNA iri biyu a ƙwanso ɗaya. Na farko a kan VEGF ne, furotin da ƙullutun daji ke fitarwa don ya janyo sababbin jijiyoyin jini su ciyar da shi. An riga an san toshe VEGF yana da amfani, domin maganin bevacizumab ya samu amincewa tun 2004. Na biyu a kan KSP ne, furotin da ke tura sandunan rabuwa gefe biyu lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu. In babu shi rabuwa takan tsaya a tsakiya, ƙwayar ta mutu. Dabarar ke nan: a hana ƙullutun abinci, a hana shi hayayyafa.

Ƙwanson da hanyarsa

Idan aka zuba siRNA tsirara a jini, ba ya daɗewa. Sinadaran jini suna sassare shi, ƙoda tana tace shi ya fita a fitsari, kuma ko ya isa bakin ƙwayar halitta ba zai shiga ba, saboda girmansa da cajin negetif da yake ɗauke da shi. Shi ya sa aka nemi abin da za a naɗe shi a ciki.

Ƙwanson da aka yi amfani da shi ya fito ne daga kamfanin Tekmira na Kanada, kuma asalinsa yana komawa ga shekarun da masana a birnin Vancouver, irin su Pieter Cullis da Ian MacLachlan, suka ɗauka suna aiki a kan maiƙo. Faɗinsa tsakanin nanomita 80 ne zuwa 100, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Abu huɗu ake haɗawa: kolesterol, da wani maiƙo mai ba da tsari, da maiƙon da aka ɗaura wa zaren PEG don ya hana ƙwansunan mannewa da juna, sai na huɗu wanda shi ne zuciyar aikin, wato maiƙo mai sauya caji. A ALN-VSP sunansa DLinDMA.

Wannan maiƙo ya cancanci a tsaya a kansa. Maiƙon da ke da cajin fozitif a kowane lokaci yana riƙe RNA da kyau, amma guba ne a jini: yana fasa tantanin ƙwayoyin halitta, yana tayar da garkuwar jiki. Mai sauya caji kuwa halinsa ya danganta da tsamin wurin da yake. A wajen haɗawa, ana narka maiƙon a cikin etanol, a gauraya shi da sauri da ruwan siRNA mai tsami, kusan pH 4 a ma'aunin tsami, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa. A nan maiƙon yana da cajin fozitif, sai ya rungume RNA. Daga nan a mayar da ruwan zuwa pH 7.4, irin na jini, sai cajin ya kwanta, ƙwanson ya zama kusan ba shi da caji. Haka zai yi tafiyarsa a jini ba tare da tayar da hankali sosai ba. Idan ƙwayar halitta ta haɗiye shi, yakan faɗa wata 'yar jaka da ake kira endosom, wadda tsaminta ke ƙaruwa a hankali. Tsamin ya dawo wa maiƙon da cajinsa, ya manne da maiƙon bangon jakar mai cajin negetif, bangon ya rikice, wani ɓangare na siRNA ya silale zuwa inda RISC yake.

Wani ɓangare kaɗan ne ƙwarai. A 2013 masu bincike a ɗakin Marino Zerial, a cibiyar Max Planck da ke Dresden, suka bi sawun siRNA a cikin ƙwayoyin halitta, suka ga kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne kawai ke tsira daga endosom. Sauran ko dai a narkar da su, ko a tofar da su waje.

Tun a 2006 aka nuna cewa irin wannan ƙwanso yana aiki a jikin birai, inda aka rage furotin ApoB da hanta ke ƙerawa. Amma sai a 2010, gwajin ALN-VSP yana tsaka da tafiya, Akin Akinc da abokan aikinsa a Alnylam suka bayyana dalilin da ya sa ƙwanson ke son hanta haka. Da ya shiga jini, zaren PEG yakan fara zubewa, sai wani furotin na jini mai suna ApoE ya manne a jikinsa. Aikin ApoE na yau da kullum shi ne raka maiƙo zuwa hanta, inda ƙwayoyin hanta ke da masu karɓar LDL, wato abin da ke dakon kolesterol a jini, birjik a fuskarsu. A ɓerayen da ba su da ApoE, aikin ƙwanson ya kusan ɓacewa gaba ɗaya. Ga kuma ƙirar hantar kanta: ƙananan jijiyoyinta suna da ramuka masu faɗin nanomita 100 ko sama da haka, jini yana tafiya a hankali a cikinsu, ƙwanson yana fita kai tsaye ya iske ƙwayar hanta.

Ashe ba masu ƙira ne suka koya wa ƙwanson hanya ba. Jiki ne ya ɗauke shi a matsayin maiƙon abinci ya kai shi inda yake kai maiƙo. Kamar ɗan aiken da gida ɗaya kawai ya sani a gari, ko sunan wa ka rubuta a takardar can zai kai ta.

Masu shirya gwajin sun san ƙwanson hanta yake zuwa, shi ya sa suka zaɓi masu ciwo a hanta. Tunani ne mai ma'ana. Matsalar ita ce ƙullutun da ke zaune a hanta ba hanta ba ne. Ciwon da ya taso daga hanji ko mahaifa ko ƙoda ya sauka a hanta yana nan da halin inda ya fito. Idan ya girma, yawancin jininsa daga babbar jijiyar da ke kawo wa hanta jini daga zuciya yake samu, ta jijiyoyin da ya gina wa kansa, waɗanda ba su da waɗancan ramuka. Kuma kewaye da shi akwai lafiyayyun ƙwayoyin hanta masu ɗimbin yawa, da ƙwayoyin Kupffer masu share baƙon abu daga jini, duk suna rige-rigen haɗiye ƙwanson kafin ya isa.

Abin da gwajin ya nuna

Gwajin mataki na farko ne, wanda babban aikinsa gano adadin da jiki zai iya ɗauka. Ta wannan fuska sakamakon ya yi kyau. Ana ba marasa lafiyar dexamethasone, maganin rage kumburi, da magungunan hana borin jini kafin a ɗura musu, kuma mafi yawan abin da suka yi kuka da shi gajiya ne, tashin zuciya da zazzaɓi. A manyan adadi an ga raguwar ƙwayoyin daskarar da jini. Mutum ɗaya, mai ciwon da ya taso daga fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ya mamaye hanta, hantarsa ta gaza bayan allura ta biyu, ya rasu, kuma masu binciken sun rubuta cewa mai yiwuwa maganin yana da hannu. Bai kamata a tsallake wannan ba idan ana ba da labarin gwajin. Maganin da ke taruwa a hanta yana ɗora nauyi ne a kan abin da ya rage na lafiyayyar hanta, kuma a jikin mai irin wannan ciwo abin da ya rage ba shi da yawa.

An kuma ciro 'yan gutsattsarin nama da allura daga wasu marasa lafiya, kafin magani da bayansa. An sami siRNA a cikinsu. Abin da ya fi wannan muhimmanci, an yi amfani da wata dabara mai gano ainihin inda aka datse mRNA, aka sami mRNA na VEGF a datse daidai wurin da lissafi ya ce Argonaute 2 zai datse shi. Wannan shaida tana da nauyi, kuma akwai dalili. A 2008 wani bincike a mujallar Nature ya nuna cewa siRNA, ko mene ne rubutunsa, yana iya hana tsirowar jijiyoyin jini a idon ɓera ta hanyar tsokanar garkuwar jiki kawai. Abin ya jefa shakku a kan sakamako da yawa da aka riga aka wallafa: shin rufe bakin ƙwayar gado ne ya yi aikin, ko garkuwar jiki ce ta harzuƙa? Datsewa a wurin da aka yi hasashe ba ta da wata fassara. RISC ne ya yi ta, da jagorar da aka ba shi.

Hoton MRI ya nuna raguwar gudun jini a ƙullutan wasu marasa lafiya, abin da ake gani idan an toshe VEGF. Saifar wasu ta ragu, wanda aka danganta da tasirin KSP. Wata mata mai ciwon dajin bangon mahaifa, wanda ya bazu zuwa hanta, ta ci gaba da karɓar maganin watanni masu yawa har ƙullutan hantarta suka ɓace baki ɗaya. Wasu 'yan kaɗan, cikinsu akwai masu ciwon ƙoda da masu wani nau'in ciwon fankiriyas, ciwonsu ya tsaya bai ci gaba ba na tsawon lokaci. A wajen mafi yawa kuwa ciwon ya ci gaba da tafiyarsa.

Yadda nake karanta sakamakon

A taƙaitaccen bayanin rahoton, masu binciken sun zaɓi kalmominsu da kulawa. Sun ce an ga maganin a naman ƙullutu, an ga datsewar mRNA a hanta. Abu biyu ne daban. Ganin siRNA a gutsuren nama bai nuna a wace ƙwaya yake ba: yana iya kasancewa a cikin jijiya, ko a cikin ƙwayoyin garkuwa da suka haɗiye shi, ko a kulle cikin endosom inda ba ya amfanar kowa. Kuma allurar da ta ratsa hanta ta shiga ƙullutu takan ɗebo naman duka biyun. Datsewar da aka gani shaida ce cewa maganin yana aiki a jikin ɗan Adam. Ba ta kai ta zama shaidar cewa ya rufe bakin ƙwayar gado sosai a cikin ƙwayoyin dajin ba.

Akwai wani abin lura. VEGF furotin ne da ake fitarwa waje, kuma ba ƙwayar daji kaɗai ke ƙera shi ba. Idan lafiyayyar hantar da ke kewaye ta rage nata, ƙullutun yana iya jin ƙarancin ko da ƙwanso ko ɗaya bai shige shi ba. KSP kuwa ba haka yake ba. Dole sai siRNA ya shiga cikin ƙwayar da ke rabuwa, ita kanta. A ganina ba haɗuwa ba ce kawai cewa waɗanda ciwonsu ya tsaya sun haɗa da masu ciwon ƙoda da wancan nau'i na fankiriyas, domin su ne cututtukan da aka san suna jin magungunan toshe hanyar VEGF, irin su sunitinib. Rabin maganin da ba ya bukatar shiga ƙwayar daji shi ne ya fi nuna alamar aiki.

Hujja mafi ƙarfi ta fito daga wani gwaji na kamfanin, a kan wata cuta dabam. Ana kiran ta amiloidosis ta TTR, cutar gado ce inda hanta ke ƙera wani furotin mai suna TTR a gurɓace, ya riƙa taruwa a jijiyoyin ji da zuciya. Maganin farko da aka gwada, ALN-TTR01, yana cikin ƙwanso na zubin farko irin na ALN-VSP. A adadin miligiram 1 kan kowane kilo, ya rage TTR a jini da kashi 38 cikin 100. A nan lafiyayyun ƙwayoyin hanta ake nema, mafi sauƙin kaiwa a duk jiki, waɗanda ApoE ke kai wa ƙwanson har ƙofa. Idan a can kashi 38 aka samu, ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane abin da ya isa tsakiyar ƙullutu. Da aka sauya maiƙon zuwa wani sabo mai suna MC3, wanda aka gyara don ya riƙa karɓar caji a daidai tsamin da ya dace, kusan pH 6.4, sai miligiram 0.15 zuwa 0.3 ya rage TTR da sama da kashi 80. An wallafa sakamakon biyun tare a 2013.

Wannan na biyun shi ne ya zama patisiran, wanda ake sayarwa da sunan Onpattro. Bayan gwaji a kan mutum 225, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Agustan 2018, ya zama maganin siRNA na farko a duniya. Bayan shekara 2 dangin wannan ƙwanso ne suka ɗauki mRNA a rigakafin korona na Pfizer da BioNTech da na Moderna.

Me ya raba cutar TTR da ciwon daji? Ba wurin zama kaɗai ba. Ƙwayar hanta ba ta cika rabuwa ba, saboda haka siRNA da ya hau RISC yana zama makonni yana aiki, shi ya sa ake ɗura patisiran sau ɗaya duk mako 3. Ƙwayar daji kuwa duk lokacin da ta rabu sai abin da ke cikinta ya kasu biyu, cikin 'yan kwanaki ya tsarma. Sannan a cutar TTR jimilla ake nema: in ƙwayoyin hanta 8 cikin 10 sun yi shiru, guba ta ragu, mara lafiya ya samu sauƙi. A ciwon daji, biyun da maganin bai kai gare su ba su ne za su hayayyafa su cike gurbin takwas ɗin. Kuma cutar TTR furotin ɗaya ne sanadinta, yayin da ƙullutun da ya yi nisa yakan tara lalacewa iri-iri, ka toshe masa hanya ɗaya ya bi wata.

Bayan gwajin

Lokacin ma bai taimaka ba. Kamfanin Merck ya sayi Sirna, wani kamfanin binciken siRNA, a kan dala biliyan 1.1 a 2006, lokacin da kowa ke rububin wannan fanni. A ƙarshen 2010 Roche ya rufe nasa sashen, Pfizer ya bi baya a 2011, kuma a 2014 Merck ya sayar wa Alnylam abin da ya rage na Sirna a kan dala miliyan 175. A farkon 2011 Alnylam ya sanar da cewa zai mayar da hankali a kan cututtukan gado da tushensu ke hanta. A 2012 ya ba kamfanin Ascletis lasisin ALN-VSP a ƙasar Sin, inda ciwon dajin hanta ya yi yawa, amma maganin bai kai ga samun amincewa ba.

Wani zai ce ƙwanson ALN-VSP ne tsohon yayi, da an yi da sabo da an ga bambanci. Waɗanda suka biyo baya ba su goyi bayan wannan ba. Tekmira ya gwada nasa, TKM-PLK1, a kan masu ciwon dajin hanta da wasu nau'o'in. Jiki ya ɗauke shi, amma tasirinsa bai kai a ci gaba ba, kamfanin ya sauya suna zuwa Arbutus a 2015 ya koma kan ciwon hanta nau'in B. Kamfanin Dicerna ya nufi MYC da maganinsa DCR-MYC, ya dakatar da shi a 2016 saboda sakamakon bai kai yadda aka sa rai ba. A 2016 ɗin dai aka tsayar da gwajin MRX34, wani ɗan RNA na daban a cikin ƙwanson maiƙo, bayan garkuwar jikin wasu marasa lafiya ta harzuƙa har aka rasa rayuka. Zuwa ƙarshen 2023 magungunan siRNA 6 ne suka samu amincewa a Amurka. Dukkansu hanta suke nufa, babu na ciwon daji ko ɗaya, kuma banda patisiran sauran sun ma ajiye ƙwanson, sun koma ɗaura wa siRNA wani sukari mai suna GalNAc da ƙwayoyin hanta ke cafkewa.

Ga ƙullutan da ke wajen hanta, begen da aka daɗe ana dogara da shi ya samo asali ne daga aikin Hiroshi Maeda da Yasuhiro Matsumura a Japan a 1986: jijiyoyin ƙullutu suna yoyo, magudanarsa ba ta aiki, don haka manyan abubuwa suna shiga su maƙale. A ɓera, inda ake dasa ƙullutu ya girma cikin makonni, hakan yana faruwa sosai. A jikin mutum, inda ciwo ke ɗaukar shekaru yana gina kansa, abin ya bambanta daga mutum zuwa mutum, har daga wannan gefen ƙullutu zuwa wancan. A 2016 ɗakin binciken Warren Chan a Jami'ar Toronto ya tattara rahotannin shekara 10 na gwaje-gwajen dabbobi, ya sami cewa matsakaicin abin da ke isa ƙullutu kashi 0.7 ne cikin 100 na abin da aka ɗura. An yi ta muhawara a kan yadda aka yi lissafin, kuma masu sukar suna da gaskiya cewa magungunan daji na yau da kullum ma ƙalilan ne daga cikinsu ke isa. Amma su waɗancan da sun isa suna ratsa tantani da kansu. Ƙwanson kuwa sai ya ƙetare bangon jijiya, ya kutsa cikin nama mai tauri da matsin ruwa mai tura shi baya, ya kauce wa ƙwayoyin garkuwa, ƙwayar daji ta haɗiye shi, sannan kashi 1 ko 2 na kayansa su tsira daga endosom. A 2020 ɗakin nan na Toronto ya ƙara nuna cewa yawancin ƙananan ƙwansuna ba ta ramukan yoyo suke shiga ba, ƙwayoyin bangon jijiya ne ke ɗaukarsu su tsallakar da su, abin da ke nufin an daɗe ana ƙira bisa hoton da bai cika ba.

Aikin da ake yi yanzu ya fi sanin girman matsalar. A Dallas, ɗakin Daniel Siegwart ya nuna a 2020 cewa ƙara maiƙo na biyar yana sauya irin furotin da ke mannewa a ƙwanson cikin jini: mai cajin fozitif na dindindin yana karkatar da shi zuwa huhu, mai negetif zuwa saifa. A Tel Aviv, Dan Peer da ɗalibansa suna manna wa ƙwanson furotin na garkuwa, wato antibodi, da ke gane alamar da ke fuskar ƙwayar da ake nema. Wannan yana taimaka wa haɗiya idan ƙwanson ya isa, ko da yake ba shi ke fitar da shi daga jijiya ba. Wasu sun haƙura da bin jini, suna yin allurar kai tsaye cikin ƙullutu ko cikin ramin ciki. Wasu kuma, kuma a nan na fi ganin haske, sun sauya wanda ake aika wa: tunda ƙwayoyin garkuwa da ƙwayoyin bangon jijiya su ne ke haɗiye ƙwanson da kansu, kuma ƙullutu yana dogara da su, sai a rufe bakin ƙwayar gado a cikinsu. A irin wannan dabara ba dole ne a taɓa kowace ƙwayar daji ba, kuma wannan ita ce matsalar da KSP ya kasa tsallakewa.

Kayan aunawa ma sun canza. A zamanin ALN-VSP gutsuren nama ake niƙewa gaba ɗaya a auna, shi ya sa aka kasa raba abin da ya faru a hanta da abin da ya faru a ƙullutu. Yau ana iya karanta RNA na ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya, ko a duba shi a kan yankan nama ba tare da an motsa ƙwayoyin daga wurinsu ba. Duk gwajin mataki na farko da za a yi da sabon ƙwanso ya kamata a shirya shi tun farko ya faɗi kashi nawa na ƙwayoyin daji ne suka karɓi siRNA, furotin ɗin ya ragu da kashi nawa a cikinsu, kuma kwana nawa raguwar ta yi kafin allura ta gaba. Mutanen da ke miƙa hannunsu a irin wannan gwaji galibi ba su da sauran lokaci mai yawa, kuma ciro nama daga hanta da allura ba ƙaramin abu ba ne a gare su. Haƙƙinsu ne a fitar da waɗannan lambobi uku daga abin da suka bayar, ko maganin ya yi musu aiki ko bai yi ba.